Shekarar da Shef Ya Sare Gora

Gidan da kamfani ya ba mu a Arlit ba don irinmu aka gina shi ba. An gina shi ne don Nasara da matarsa da karensu. Babu zaure, babu katanga, sai wata waya da ta tsaya mini a ƙugu, wadda duk mai wucewa zai iya leƙowa ta samanta ya ga da me aka yi miya. Mun same shi lokacin da kasuwar uraniyom ta fara faɗuwa. Nasaru suka shiga haɗa akwatunansu ɗaya bayan ɗaya, kamfani ya waiwaya ya ga gidajen manya babu kowa, sai ya tuna ashe akwai 'yan ƙasa masu ilimi. Maigidana yana cikinsu. Daga magatakarda a buron sufuri, wato ofishin kula da motoci, aka ɗaga shi aka ce shi ne shef, shugaban wurin ke nan, aka miƙa masa makulli. Tun daga ranar ba ya jin sallama sosai sai an haɗa da Shef. Ni da na shekara goma ina ce masa Malam tun muna Damagaram, na koma ce masa Shef, da farko don tsokana, daga baya baki ya saba.

Abu biyu muka gada daga Nasaran da ya tashi: wani tsohon mai garka, wato mai kula da lambu, Ba'abzine, wanda kowa ke ce wa Baba, da kuma gora. Wai Nasaran ya taɓa aiki a wata ƙasar kurmi, daga can ya zo da saiwarta ya binne a inda ruwan wanka ke fita. Ruwa a unguwar ma'aikata kyauta ne, ba mai tambayar ka. Gorar ta sha ta ƙoshi, ta kewaye bayan gidan da gefensa biyu, ta zarce rufi, ta cukurkuɗe har kaza ba ta iya ratsa ta. A garin da za ka yi tafiyar yini ba ka ga ganye ɗaya ba, mu muna da daji a bayan ɗaki.

Ni kam na gode wa Nasaran nan, ko da ban taɓa ganin sa ba. Ba da saninsa ba ya yi mini tsakar gida. A bayan gorar na kafa murhuna na duwatsu uku, na ajiye turmi, na ɗaura igiyar shanya, ina zama da ɗaurin ƙirji in tsefe kaina ba mai gani na. Duk wannan haramun ne a dokar kamfani. Akwai takarda manne a bayan ƙofa da Faransanci: ba a kiwo, ba a hura itace, ba a kafa bukka, ba a ajiye baƙon da ba a rubuta sunansa ba. Akwai kuma Nasaran gidaje, wanda ke zagaya unguwa kowace Alhamis cikin farar mota, a hankali, gilashi a rufe. Bai taɓa fitowa ba. Abin da idonsa bai hango daga cikin mota ba, to a wurin kamfani babu shi.

A shekarar babban fari, wata safiya Baba ya tsaya a bakin madafa yana murza rawaninsa. Ya ce ƙanwarsa ta zo daga wajen Gugaram. Dabbobinsu sun ƙare, mijinta ya kora ragowar raƙuma neman ciyawa, ba shi ba labarinsa. Ita kaɗai ce, sai awaki uku.

Ya ce, "Madam, kwana kaɗan. Bayan gora babu wanda ya gan shi."

Kwana kaɗan ɗin nan shekara bakwai ya yi. Akwai wani fili a tsakiyar gorar, daidai shimfiɗar tabarma huɗu, a nan ta kafa tantinta na tabarmi ta ɗaure awakinta. Na kira ta Inna don ta girme ni nesa. Kada ku zaci wata abar tausayi ce mai sunkuyar da kai. Inna ba ta taɓa yi mini godiya ba, kuma ba ta taɓa yabon girkina ba. Za ta ɗanɗana miya ta yamutsa fuska ta ce, "Kai, yaji ya yi yawa, mutanen kudu kuna son wahala." Sannan ta cinye tas. Ita ta koya mini yin cuku. Ita ta riƙe ni ranar da naƙudar autana ta zo da tsakar rana babu mota a unguwa, tana yi mini faɗa da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na bi. Idan na yi fushi da Shef, wajenta nake zuwa in zazzage, ta saurara tana saƙar igiya, in na gama ta ce, "Namiji ne." Daga nan sai ta zuba mini shayi.

Shi kuwa Shef bai san da ita ba. Haka ya zaɓa, kuma ya riƙe zaɓinsa da gaske. Kullum da safe nonon akuyarta nake zuba masa a kafe, ya kurɓa ya ce madarar gwangwani ta yanzu ta gyaru. In akuya ta yi kuka a bayan tagarsa, sai ya girgiza kai ya ce maƙwabtan nan ba su da tsari. Shekara bakwai bai taɓa zagayawa bayan gidansa ba, ya ce ƙaiƙayin gora yana tayar masa da mura. Na sha yi masa dariya, amma a raina na san wannan rashin sanin shi ne alherin da ya iya yi, kuma da shi Inna take da wurin kwana.

Sai tawayen Buzaye ya ɓarke a duwatsun Abzin, kasuwar uraniyom kuma ta ƙara durƙushewa. Hanyar Agadas ta koma sai an tara motoci an haɗa su da rakiyar soja. A wurin aiki ba maganar da ake sai ta takarda, wato jerin sunayen waɗanda za a sallama. An riga an fitar da ɗaya, ana jiran ta biyu. Wanda sunansa ya fito, ba aiki kaɗai ya rasa ba, har da gida da asibiti da makarantar yara. Maza suka rame. Da la'asar sukan taru a ƙofar wani maƙwabcinmu, mutumin Tawa, shef ɗin garaji, suna ta lissafin me ya sa aka kori wane aka bar wane.

Wannan mutumin Tawa shi ya gano sirrin. Ya ce ya duba da kyau: mutum biyun da aka kora a layinmu duk ƙofar gidansu busasshiya ce, wanda aka ƙara wa girma kuwa yana da ciyawa kore shar. Kuma kowa ya san matar darakta tana son furanni. Kuma wa ya san abin da Nasaran gidaje ke rubutawa a ɗan littafinsa ran Alhamis? Ba wanda ya taɓa ganin littafin, amma kafin mako ya zagayo an san har launin bangonsa.

Unguwa ta haukace. Mutanen da ko gero ba su taɓa shukawa ba suka koma gardama a kan sunayen furanni da Faransanci. A bakin gari makiyaya suna layin ruwa da jarka tun asuba, mu a layinmu manyan ma'aikata sun naɗe ƙafar wando kowa da tiyo a hannu yana shayar da yashi. Wani ma har fenti ya sa aka yi wa duwatsun ƙofarsa.

Shef ya dawo wata rana ya tsaya a bakin titi ya daɗe yana kallon gidansa kamar yau ya fara ganin sa. Da ya shigo ya ce, "Gorar nan za ta tafi. Dubi gida kamar wanda aka gudu aka bari. Kuma a irin wannan lokaci, duhu haka a bayan gida, sai a ce muna ɓoye wani abu."

Na ce, "To ai muna ɓoyewa, Shef."

Ya ce, "Ban ji ba. Miƙo mini ruwa."

Ba ciyawa zai shuka ba, wannan ta ƙananan shef-shef ce. Shi da yake buron sufuri, direbobin da ke kai kaya Kwatano duk a hannunsa suke. Ya ba wani direba saƙo ya zo masa da 'ya'yan kwakwa shida masu tsiro, da kwakwar manja, da ayaba, da wasu masu faɗin ganye da ya gani a hoton kalanda. Ya zana taswira a takardar buro, da rula, ya kira Baba ya baje masa.

Baba ya duba takardar a juye, ya gyara ta, ya sake dubawa. Ya ce, "Shef, wannan itace bai san nan ba. Shi yana son ruwa a sama, cikin iska. Mu nan ruwa a ƙasa yake. Ka sa dabino, ni na kawo maka daga garkar ɗan'uwana, mai kyau."

Shef ya ce, "Dabino? Kowane ƙauye akwai dabino. Matar darakta za ta tsayar da mota don ta kalli dabino?"

"To gora fa, Shef? Gora shi ne bango. Iska in ya zo, shi ne ya tare."

"Baba, ni na yi karatu. Ka sare."

Ni da Baba ba mu taɓa zama mun ƙulla komai ba, amma daga ranar muka zama ƙungiya. Ya fara da gefen gida, can nesa da Inna, kara ɗaya-ɗaya. Addarsa ta dakushe, ya kai ta maƙera, ta yi mako. Ta dawo, ƙotar ta karye. Ya ce in an sare gora wata yana girma to da ƙarfi take dawowa, sai a jira ya ragu. Da watan ya ragu, bayan Baba ya riƙe. Inda ya sare kuwa yakan bar saiwar ya kuma yi mata ban ruwa da kyau, kafin kwana goma ta fito da sabbin ƙahoni. Ni kuma nawa aikin shi ne in riƙa tuna wa Shef cewa hanya ba lafiya, wataƙila itatuwan ba za su iso ba, kada mu tsiraita gida a banza. Da haka muka ci wata biyu.

Sai ga itatuwan sun iso. Ƙanwata tana Tawa mako uku tana neman wurin zama a ayarin motoci ba ta samu ba, amma kwakwar Shef ta zo a gidan gaba, kusa da direba, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, soja gaba soja baya. Direban ya ce ruwan shansa ya riƙa raba musu a hanya. Maƙwabta suka yi ta shigowa ganin baƙi, har da masu cewa barka da sauka. Mutumin Tawa ya zagaya su sau biyu, ya taɓa ganye, ya fita, ranar ko tiyo bai riƙe ba. Shef ya kwana biyu yana murmushi shi kaɗai.

Ran Laraba da rana yana cin abinci ya ce ya gaji da addar Baba. Ya yi magana da leburori huɗu, za su zo ran Asabar da injin yanka, a yini ɗaya a gama har saiwa.

Na zauna a gabansa. Na ce, "Shef, Inna fa?"

Ya ce, "Wace Inna?"

"Wadda kake shan nonon akuyarta shekara bakwai."

Ya ajiye cokali. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa. Sai ya yi magana a hankali, ba da muryar buro ba, da muryar Malam ɗin da na aura. Ya ce, "Kin san kwana nawa ake ba mutum ya kwashe kayansa in sunansa ya fito? Takwas. Ina za mu da yara biyar? Gidan wa za mu sauka a Damagaram? Kuma ke ma kin san yau ba jiya ba ce. In aka ce an samu Buzuwa a ɓoye a gidan ma'aikaci, ba kora kaɗai za a yi ba. Ita kanta kin tabbata za ta fita lafiya?"

Ina da amsoshi. Zan iya cewa a bar layin baya kawai, ba mai ganin sa daga titi. Zan iya cewa shekara bakwai ba wanda ya tona, yanzu ma ba mai tonawa. Zan iya cewa in an taɓa gorar nan ni ma a nemo mini mota. Bakina ba ya mutuwa, duk unguwa an shaide ni, na taɓa tsayar da mahauci a kasuwa har sai da ya ba ni haƙuri a gaban jama'a. Amma ranar na kalli firiji, na kalli fanka tana juyawa, na tuna asibitin da ake duba yarana ba a tambaye ni komai ba. Na kwashe kwanuka na kai madafa.

Ban iya gaya wa Inna ba. Ban ma buƙaci in gaya mata ba, don ta ga tukwanen kwakwa jere a inuwa, ta kuma ga fuskar yayanta. Ran Juma'a da hantsi ta kwance tantinta da kanta. Matan Abzin su ke kafa ɗakinsu su ke kwance shi, kafin a sauke tukunya ta naɗe tabarmi ta ɗaure sanduna. Baba ya samo amalanken jaki. Ba ta bi ta ɓarauniyar hanyar da ta saba bi ta cikin gora ba, ta gaba ta fito, awakinta na biye. Shef yana tsaye da tiyo yana shayar da ayaba. Ta tsaya daidai gabansa, ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Shef, ina kwana."

Ya ce, "Lafiya lau, baiwar Allah." Ya matsa mata hanya, ruwan tiyo yana zuba a kan takalminsa.

Ran Asabar aka yi wa gidan aski. Ban san haka yake ƙarami ba, kuma ban san haka muke a fili ba. Daga titi ana hango har igiyar shanyata. Na tashi murhu, na kai turmi gidan wata ƙawata a cikin gari, na koma dafa tuwo a kan murhun lantarki, yana ɗanye a sama yana ƙonewa a ƙasa. In zan zubar da ruwan wanke-wanke sai na yafa mayafi. Shef kuwa ya dasa itatuwansa bisa taswira, yana auna tsakaninsu da igiya.

Kwana tara suka yi da kyan gani. A na goma iskar arewa ta taso, irin wadda da muke jin ta a saman gora kawai, yanzu ta shigo har ƙarƙashin gado. Ganyen ayaba ya tsattsage ya zama tsumma, kwakwa ta fara ja daga baki. Shef ya ruɗe, ya ce Baba ya yi wani abu. Baba ya ce sai dai a tare musu iska a yi musu inuwa. Aka aika Bukkoki, unguwar da waɗanda fari ya koro suka yi a bakin gari, aka sayo tabarmi. Aka tsinto sandunan gorar da aka sare, aka yi wa kowane tsiro ɗan ɗakinsa, da bango da rufi da 'yar ƙofa ta gabas. Ƙofar gidanmu ta cika da bukkoki goma sha ɗaya.

Na ce, "Shef, takardar bayan ƙofa ta hana kafa bukka."

Ya ce, "Wannan ai ta itace ce."

Ran Alhamis farar mota ta zo, ta wuce, ta dawo da baya. A karo na farko tun zuwanmu Nasaran gidaje ya buɗe ƙofa ya fito. Ya durƙusa ya leƙa cikin wata bukka, ya ga kwakwa zaune, ya tashi yana dariya har da share ido, ya miƙa wa Shef hannu ya ce lallai yana da ƙarfin hali. Ba littafi a hannunsa, ba alƙalami. Shef ya ba da labarin musabahar nan sau ɗari, kuma kowane karo hannun yana ƙara daɗewa cikin nasa.

Zafin bazara ya ƙarasa abin da iska ta fara. Suka mutu ɗaya-ɗaya a cikin ɗakunansu, kwakwar manja ce ta ƙarshe. Takarda ta biyu ta fito, sunan mutumin Tawa ne a sama, da ciyawarsa da komai. Na Shef bai fito ba, a ta uku ma bai fito ba. Dalilin a fili yake, shi kaɗai ya san yadda ake haɗa takardun motoci a buron nan. Amma har ya koma ga Allah bai yarda ba, yakan ce mini, "Da ban gyara gidan nan ba, da yanzu muna ina?"

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa Bukkoki. Na sami Inna a can ƙarshe, wajen da ake zubar da tarkacen ƙarfe, tantin ya karkace, awaki sun koma biyu. Ta rame, tana tari. Ba ta nuna mini komai ba, ta shimfiɗa mini buzu ta ɗora shayi. Sai da muka sha na farko ta ce, "Itacen Shef ya kama?"

Na ce, "Sun mutu duka, Inna. Har ɗaki aka gina musu."

Ta sa na maimaita. Na kwatanta mata bukkokin da 'yan ƙofofinsu, da Nasara a durƙushe yana leƙe. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ni ma na yi har da hawaye. Na ce zan dawo da magani. Da na koma bayan mako uku wurin wayam, sai duwatsun murhu. Wata ta ce sun yi arewa, wata ta ce wajen Dannet, wata ta ce ba ta san wadda nake nufi ba. A lokacin ba mai gaya wa matar shef inda wani ya nufa. Baba ma tun kafin nan ya daina zuwa, ya aiko cewa ba sauran abin ba wa ruwa.

Na ƙara shekara takwas a gidan nan. Labarin kuwa na sha ba da shi a gidan biki da gidan suna, mata suna riƙe ciki, musamman wajen kwakwa a gidan gaba da rakiyar soja. Nakan tsaya a wajen musabaha, don nan ne dariya ta fi yawa, kuma nan ne duk laifin yake kan Shef. Abin da ba na faɗa shi ne inda nake a safiyar Juma'ar nan. Ina cikin ɗaki, a bayan labule, ina leƙe. Na ji ta tsaya a bakin madafa ta kira ni sau biyu, na yi shiru kamar ba na nan. Da amalanken ya karya kwana, abin da na fara ji a raina sauƙi ne, cewa an rabu lafiya ba wanda ya gani. Matar da ta karɓi haihuwata, ban taka mata ko zuwa bakin titi ba.